Likita na Amsa Tambayoyinku: Idon Yara Kafin a Koma Makaranta

Hutun ƙarshen shekara ya yi nisa, iyaye sun fara lissafin kuɗin makaranta da ɗinkin yunifom. Shi ya sa a wannan mako na ware tambayoyin da suka shafi idon yara.

Tambaya: Assalamu alaikum Likita. Ɗana shekararsa 6, zai shiga aji ɗaya a watan Satumba. Ƙanwata ma'aikaciyar jinya ce, ta ce in kai shi a duba masa ido kafin a koma. Ni kuwa ban taɓa jin ya ce idonsa na ciwo ba. Mai lafiya ma sai an kai shi asibiti? Daga wata uwa a Katsina.

Amsa: Wa alaikumus salam Hajiya. Ki bi shawarar ƙanwarki. Yaro ba ya ƙorafin gani, domin bai taɓa gani da idon wani ba balle ya kwatanta. In tun tasowarsa dishi-dishi yake hango nesa, a wurinsa haka kowa ke gani. Abin ya fi ɓuya idan ido ɗaya ne ke da rauni. Mai lafiyar ya ɗauke aikin duka, yaro na guje-gujensa, ba wanda zai lura. Ita kuma ƙwaƙwalwa sai ta yi watsi da abin da raunanan idon ke aiko mata. Gani abu ne da ƙwaƙwalwa ke koya, kuma yawancin koyon na kammaluwa wajen shekara 7 zuwa 8. In an gano da wuri, tabarau da rufe ido mai lafiyar na wasu awanni kullum kan farfaɗo da ɗayan. In aka bari sai yaro ya shiga sakandare, gyaran ya yi wuya ƙwarai. Saboda haka ake son kowane yaro a gwada ganinsa tsakanin shekara 3 zuwa 5. Naki ya ɗan gota, amma lokaci bai ƙure ba.

Dalilin da ya sa muke cewa a zo cikin hutu kuwa, ga shi. Idon yaro na da ƙarfin daidaita kansa, har ya ɓoye ainihin matsalar a lokacin awo. Don haka sau da yawa sai mun ɗiga masa magani da zai sassauta wannan ƙarfin, a zauna a jira kamar rabin awa zuwa minti 45 kafin a auna. Bayan nan ɗan baƙin tsakiyar idon zai buɗe, hasken rana ya dame shi, rubutun kusa ya gagare shi karantawa. Da maganin da aka fi amfani da shi, kwana guda abin ya wuce. In kuwa wani maganin ɗigawa mai suna atirofin aka sa, yakan kai mako ɗaya ko fiye. Sannan ga yankan gilashi, ga kwanakin da yaro zai yi kafin ya saba da shi. In kika je saura mako uku ko huɗu a koma, komai zai kammala a natse. Ku yi sammako, ki tafi masa da hular hana-sallah saboda rana, da ɗan abin taɓawa, don zaman na da tsawo.

Kada ki damu wai bai iya karatu ba. Akwai allon da babu komai a kansa sai harafin E yana fuskantar sama, ƙasa, dama ko hagu, yaro ya nuna da yatsunsa. Sashen ido na babban asibitin gwamnati mafi kusa da ke ya isa wannan aiki. In abin ya fi ƙarfinsu za su tura ku gaba, irin su Cibiyar Ido ta Ƙasa da ke Kaduna, ko asibitin ido na ECWA ko na Makka a Kano. Masu karatunmu na Nijar da ke komawa a Oktoba, su Satumba ne watan zuwansu.

Tambaya: Likita, ni malamin aji huɗu ne. Akwai yaran da kullum sai sun leƙa littafin na kusa da su suke kwafa, ko na yi faɗa ba sa bari. Ta yaya zan bambance mai matsalar ido da malalaci? Daga wani malami a Gusau.

Amsa: Malam, Allah ya saka da alheri da ka tsaya ka tambaya kafin ka ɗauki bulala. Ka lura da su idan kana rubutu a allo. Wanda ke ƙanƙance ido, ko ya karkata kai, ko ya rufe ido ɗaya, ko ya taso daga bencinsa ya matso gaba, ko ya kifa fuska a kan littafi har hancinsa ya kusa taɓa takarda, wannan ba lalaci ba ne. Ka nemi allon gwaji a asibiti, ka rataye inda haske yake, ka auna mita 6, ka ja layi da alli. Kowane ido a gwada shi shi kaɗai, a rufe ɗayan da kwali, ba da hannu ba, domin yara gwanayen leƙe ta tsakanin yatsu ne. Kuma kada sauran su tsaya suna ji, kafin ka kai kan yaro na biyar sun haddace layin. Duk wanda ya kasa karanta layin da aka yi wa lamba 6/12 a allon gwajin da ɗaya daga idanunsa, ka dawo da shi bencin gaba, ka rubuta wa iyayensa su kai shi asibiti. In ganin lafiya lau ne, a duba kunne.

Tambaya: Likita, an rubuta wa 'yata mai shekara 9 tabarau, amma mahaifiyata ta hana. Ta ce gilashi cinye ido yake, wanda ya fara ba ya bari, kullum sai ƙara masa ƙarfi ake yi. Daga wani magidanci a Zariya.

Amsa: Alhaji, abin da Hajiya ta lura da shi gaskiya ne, sai dai ba gilashin ne sanadi ba. Yaron da ba ya hango nesa, ƙwayar idonsa ce ta ɗan fi ƙa'ida tsawo, kuma tana ci gaba da tsawo muddin yana girma, galibi har wajen shekara 20. Da tabarau ko babu, lambar za ta ƙaru. Kamar takalmi ne, in ƙafar yaro ta fi ƙarfin na bara, ba takalmin ne ya ƙara mata girma ba. Hana ta sawa ba zai tsayar da komai ba, allo kawai zai hana ta gani. Ka tafi da Hajiya asibitin ta ji daga bakin likita, ya fi ka yi ta gardama da ita a gida. A yi wa yarinyar gilashin roba wanda ba ya fashewa, a bar ta ta zaɓi firam ɗin da take so, in ba haka ba cikin jaka zai ƙare. A riƙa sake awo duk shekara. Kada a saya a tire a bakin kasuwa, kada kuma a ba ta na yayarta. Wasa a waje cikin hasken rana kamar awa biyu a yini na rage yiwuwar kamuwa da wannan matsala, don haka ƙannenta a rage musu zaman waya.

Tambaya: Ɗana kullum cikin susar ido yake, farin idon ya koma ruwan ƙasa. Akwai wani maganin ɗigawa da nake saya a kemis, da na sa sai ya lafa, da na bari sai ya dawo. Shekara ta zagayo muna haka. Daga wata uwa a Damaturu.

Amsa: Hajiya, wannan tambayar ta fi tayar mini da hankali. Abin da kika kwatanta ya yi kama da borin ido da ke damun yara, musamman maza, a wurare masu zafi da ƙura irin namu. Yakan lafa da kansa bayan balaga. Ɗauko kwalbar ki karanta jikinta. In kin ga dexamethasone, betamethasone ko prednisolone, to maganin na kashe ƙaiƙayi nan take, amma yawan amfani da shi na hawar da ƙarfin ruwan cikin ido ya lalata jijiyar gani ba tare da ciwo ba, kuma abin da ya lalace ba ya dawowa. Yana kuma kawo yanar ido. Mu ma muna ba da shi, amma na ɗan lokaci, muna auna idon. Ki kai shi cikin makon nan, ki tafi da kwalbar, ki ce a auna ƙarfin ruwan idon. Akwai masu sauƙin illa da za a canza masa. Kafin nan, tsumma mai tsabta da ruwan sanyi a ɗora a kan idon a rufe. Ki hana shi murza, domin yawan murza na sirantar da tantanin gaban ido mai kama da gilashi ya canza masa siffa. Ban da ruwan sukari, ban da nono, ban da fitsari, ban da kwalli.

Tambaya: Jaririyata wata 8. In an ɗauke ta hoto da filasha, tsakiyar ido ɗaya fari yake fitowa. Wani lokaci kuma idon na karkacewa. Kakarta ta ce harara-garke ce, za ta miƙe. Daga wata uwa a Maradi.

Amsa: 'Yar'uwa, ke kam ba maganar jiran hutu ko makaranta. Ki kai ta wurin likitan ido gobe. Fari a tsakiyar idon jariri na iya zama yanar da aka haife shi da ita, yana kuma iya zama kansar bayan ido, wadda ke kama yara 'yan ƙasa da shekara 5, kuma ana warkewa in an tare ta da wuri. Karkacewar da ta wuce wata 4 da haihuwa ma ba a barinta ta miƙe da kanta. Ki tafi da hotunan a wayarki, ki nuna wa ma'aikacin da ke karɓar kati don kada a ba ku rana mai nisa.