Turmin amarya da injin da ruwa ke juyawa

Ɗiyata, na ga hoton da kika aiko na tsohon gidan niƙan nan na ƙauyen Ingila, da tambayoyinki biyu: mi ya hana mu yin irinsa a gulbin Rima, kuma don mi innarki ta dage sai an sa turmi da taɓarya cikin kayan ɗakinki alhali a bene za ki zauna. Ta farko ta ba ni dariya. Ta biyun ce ta hana ni barci da wuri.

Abin da kika gani tsohon abu ne. Ƙidayar da aka yi a Ingila a 1086 ta samu irinsa fiye da 5,000. Ana tare rafi, a sako ruwan ta kwata ya faɗa kan babbar ƙafar katako, ita kuma ta juya dutsen sama a kan na ƙasa, hatsi ya shiga ta ramin tsakiya, gari ya fito ta gefe. Amma ki tambayi masu yi muku bayani na wane ne. Galibi na mai ƙasa ne, talaka dole can zai kai hatsinsa, kuma a ɗebi rabo. Rafinsu ba ya ƙafewa. Namu kuwa da damina ya malale fadama, da bazara yaro ya tsallake shi da ƙafa a wasu wurare, ga ƙasa shimfiɗe babu gangare. Jigo muka sani a bakin ruwa, na ban ruwan albasa. Madatsar ruwa ta Bakolori ma sai 1978 aka gama ta.

Mu dutsenmu yana cikin gida. Ana kiran assalatu kakarki ta durƙusa a kansa, in ya yi santsi ta sa makoɗi ta koɗa shi. Ba zan ce miki da daɗi ba, gwiwoyinta sun yi kanta har ta koma ga Allah.

Bikin yayata nake tunawa, kaka ta farko da rumbu ya cika bayan farin 1973. An fito da dammunan gero tun da hantsi aka sussuke, aka sheƙe. Bayan la'asar sai ga matan unguwa, kowace da taɓaryarta a kafaɗa, ba wanda ya aika musu. Aka jera turame a tsakar gida, mata uku uku a kan kowane. Da surfe ya kankama aka shiga lugude, wannan ta jefa taɓarya sama ta tafa hannu ta cafe, wancan ta buga gefen turmi, waƙa na tashi, ana yi wa dangin ango habaici. Mu 'yan mata muna bakace, dusa ta rufe mana gashin ido. Wata tsohuwa da ta rasa shanunta duka a farin, wadda ta yi wata da watanni ba a ji muryarta ba, ta karɓi taɓarya daga hannun innata ta ba da waƙa, mata suka amsa, wasu na share hawaye ba su bar dakan ba. Washegari ɗaya daga cikin turamen nan aka kife aka zaunar da amarya a kai aka yi mata wanka.

Kakata takan ce, "Gidan da ba a ji daka ba har rana ta take, a leƙa shi, ko ciwo ko yunwa." Haka ake gane halin maƙwabci ba tare da ya buɗe baki ya yi roƙo ba. Takan kuma ce macen da ba ta da turminta kullum tana ƙofar wata.

Da injin niƙa mai shan gas ya zo mun yi murna, har gobe ina sa masa albarka. Sai dai yanzu yarinya ake ɗora wa roba a kai ta tafi inji, garin ya dawo da zafi, tuwon ba ya kwana da kyau. Ku kuwa ko injin ba ku zuwa, gari a leda, fura a firji. Watan jiya wata maƙwabciyarmu ta kwana uku a kwance, sai a bakin mai kai mata ruwa muka ji.

Batun bene, ban san yadda mutanen ƙasa za su ji da daka a kansu ba, wannan ku sasanta da innarki. Amma kada ki ce mata kayan ƙauye ne, turmin da take son ba ki na kakarki ne, na icen ƙirya. Ki gaya mini ma, a can mi kike ci da dare?