Kowa a ofis aikena yake yi, oga kuma ya neme ni ya rasa

Tambaya: Salam Malam. Ina zaune a Agege, na samu aikin masinja a wani ofis a Ikeja. Matsalata kowa aikena yake, wannan sayo min abinci, wancan kai min takarda banki, oga in ya neme ni bai gan ni ba sai faɗa. Wasu kuma kullum sai sun tambaye ni me ake cewa a ofishin oga. Ya zan yi?

Amsa: Wa alaikumus salam ɗan'uwa. Toh bari in fara tambayarka, a ƙarƙashin wa kake? Don yawanci daga nan rikicin yake tashi. Dokar ƙwadago ta Najeriya ta ce a ba ma'aikaci sharuɗɗan aikinsa a rubuce kafin ya wuce wata 3 da farawa, in ba a ba ka ba ka je wajen mai kula da ma'aikata cikin ladabi ka nema, ka tambayi wanda ke da ikon aikenka kai tsaye.

In ka san wannan, sauran da sauƙi. Duk wanda ya aike ka kar ka ce masa a'a gatsau, ka ce "to ranka ya daɗe, bari in faɗa wa oga zan fita", kawai. Mai aiken gaskiya zai ce je ka, wanda kuma shinkafa yake so ka sayo masa da kansa zai ce bar shi sai anjima, ka ga kai ba ka yi wa kowa rashin kunya ba. Kuma Legas ce fa, aiken da aka ce maka minti 20 ne, in daga Ikeja za ka tsallaka gadar Third Mainland zuwa Victoria Island gosulo ya kama ka a danfo, wato bas ɗin haya, sai ya cinye maka rabin yini, shi oga ba ruwansa da wanda ya aike ka, kai dai ya nema bai gani ba. Ka riƙa tura saƙo a WhatsApp lokacin da ka fita da inda ka nufa, in magana ta tashi shi ne shaidarka.

Maganar masu tambayar me ake cewa kuwa, wannan ta fi ba ni tsoro wallahi. Kai ke shiga da shayi ana tsakiyar mitin, kai ke fotokwafin takardun albashi da na kora, kuma Hausawa sun ce baki shi ke yanka wuya. Wanda yake maka dariya yau yana jan bakinka, gobe in zance ya fito sunanka zai fara kira. Ka ce ba ka ji ba, ko da ɗan garinku ne. Haka shi ma oga in ya so mai da kai ɗan rahoto a kan abokan aiki ka zille, sai dai in sata ka gani ƙiri-ƙiri.

Gaisuwa kar ka yi wasa da ita, Yarbawa suna ɗaukarta da nauyi ƙwarai, ka ɗan rusuna wa na gaba da kai, mace ko namiji. Duk kuɗin da aka ba ka ka dawo da rasit da canji ko naira 50 ce. Sallar Juma'a kuma tun yanzu ka zauna da oga ku tsayar da lokacin fita da na dawowa, kar ka riƙa sulalewa kana barin wani ya kare maka.