Yadda ake canza man sitiyari a mota mai ja da ƙafa huɗu

Ka yi tambaya ko za ka iya canza man sitiyarin motarka da kanka, tunda ya yi baƙi kuma famfon da ke tura man yana kuka idan ka karya kwana. Za ka iya, amma ka fara duba murfin robar man ko littafin motar, domin Toyota Hilux da Land Cruiser da yawa man giya na Dexron suke sha, alhali Honda nata man daban ne, kuma zuba wanda bai dace ba yana lalata robobin da ke hana yoyo.

Ka ɗaga gaban motar da jak har tayoyin su bar ƙasa, ka zuƙe tsohon man da sirinji, sannan ka cire tiyon da ke dawo da mai cikin robar, ka toshe bakin da ka cire shi, ka sa kan tiyon a cikin galan. Injin yana a kashe, ka riƙa juya sitiyarin daga ƙarshen dama zuwa ƙarshen hagu kana ƙara sabon mai, kada ka bari robar ta bushe, domin iskar da ta shiga famfo ita ce ke jawo kumfa da kukan nan. Idan man da ke fita ya yi tas, sai ka mayar da tiyon, ka tayar da injin, ka sake juyawa har kumfar ta ɓace, ba tare da danne sitiyarin a ƙarshe fiye da daƙiƙa 5 ba.

Manyan tayoyi da hanya mai yashi ko laka suna zafafa man sosai, saboda haka irin wannan mota ta fi buƙatar a riƙa duba shi.