Jaririn da ke kuka da magariba

'Yar'uwa, barka da arziki, Allah ya raya. Kin ce jaririnki ɗan sati 3 yana ɓarkewa da kuka da zarar magariba ta yi, ko an ba shi nono ba ya yin shiru.

Ki kwantar da hankalinki. Kukan jarirai yakan ƙaru har wajen sati 6, sannan ya lafa tsakanin wata 3 da 4. Fara da duba yunwa, jiƙaƙƙen nafkin ko zafi. Jariri kan sha nono sau 8 zuwa 12 a kwana ɗaya, don haka sake ba shi ba laifi ba ne. In ya ƙoshi, ɗora shi a kafaɗa ki shafa bayansa har ya yi gyatsa.

Abin da na fi yarda da shi shi ne ki rungume shi a ƙirjinki, fatarsa na taɓa taki, a ɗaki mara hayaniya, kina lallaɓa shi a hankali. Ai tun yana ciki ya saba da bugun zuciyarki. In barci ya ɗauke shi, ki kwantar da shi rigingine, ba rub da ciki ba.

Idan kin gaji, miƙa wa babansa, ko ki ajiye shi a gadonsa ki huta 'yan mintoci. Don Allah kada kowa ya girgiza shi da ƙarfi, hakan na iya lahanta ƙwaƙwalwarsa.

Amma in zafin jikinsa ya kai digiri 38, ko ya ƙi kama nono, ko numfashi ya yi masa wuya, a kai shi asibiti nan take.