Tarzomar unguwannin gefen Paris: yaushe ta samo asali?

Tambaya: Assalamu alaikum. Ni malamin makaranta ne a unguwar Birni, nan Damagaram. Ɗalibaina sun tambaye ni dalilin ƙone-ƙonen da ake yi a gefen Paris duk sa'ad da wani matashi ya mutu a hannun ƴan sanda. Shin abin ya daɗe ne, ko na shekarun nan ne?

Amsa: Wa'alaikumus salam, Malam. Abin ya daɗe, kuma saiwarsa tana cikin mulkin mallaka. A watan Oktoban 1961, ana tsakiyar yaƙin ƴancin Aljeriya, shugaban ƴan sandan Paris, Maurice Papon, ya kafa dokar hana fitar dare a kan Musulmin Aljeriya kaɗai. Ranar 17 ga wata dubban leburori da iyalansu suka amsa kiran FLN, ƙungiyar da ke fafutukar ƴancin Aljeriya, suka fito zanga-zangar lumana ba makami a hannunsu, da yawansu daga bukkokin kwano na Nanterre, a gefen Paris. Ƴan sanda suka far musu da kulake da harsasai, suka kame kusan mutum 12,000, wasu kuma aka jefa su kogin Seine daga kan gada. Hukuma ta ce mutum 3 ne suka mutu, alhali masana tarihi suna lissafa gomomi, wasunsu ma fiye da 100. Sai a 2012 shugaba François Hollande ya amsa cewa an zubar da jini a wannan dare.

A 2005 yara biyu da ke gudun ƴan sanda a Clichy-sous-Bois, wata unguwa a gefen Paris, suka ɓuya a tashar lantarki, wuta ta kashe su, aka yi makonni uku ana ƙona motoci. Abin da ya fi taɓa ni shi ne, dokar ta-ɓaci da gwamnati ta ɗauko a lokacin ita ce ta 1955, wadda aka tsara domin yaƙin Aljeriya. Tarzomar 2023 kuwa a Nanterre ta tashi, bayan ɗan sanda ya harbe matashi ɗan shekara 17.

Ƙona makaranta ko motar maƙwabci ba shi da hujja, kuma talakawan unguwar ne ke ɗaukar asarar. Sai dai ka nuna wa ɗalibanka cewa fushin kullum yake taruwa, ta hanyar rashin aiki da tsayar da matasa ana neman takardunsu. Binciken hukumar kare haƙƙin jama'a ta Faransa na 2017 ya gano cewa ana tare saurayi baƙar fata ko Balarabe ninki 20 fiye da sauran jama'a.