Jiri, hajijiya da tabaran VR: amsoshin likita

Likita, ɗana da ke karatu a Ingila ya ce can ana saka wa mai jiri tabaran VR a gano ciwonsa. Gaskiya ne? Daga wani uba a Zariya.

Alhaji, akwai ƙamshin gaskiya. Abu uku ke riƙe mutum a tsaye: ido, gaɓoɓi, da can cikin kunne, inda akwai bututu uku masu ruwa da wasu ƙananan duwatsu da ke shaida wa ƙwaƙwalwa ina ne sama, ina ne ƙasa. Idan kunne ya samu matsala, ido kan rufa masa asiri. Shi tabaran yana rufe ido ruf, ya nuna hoton kwamfuta kaɗai, sai asirin ya tonu. Akan nuna maka layi cikin duhu a ce ka tsayar da shi daidai. Mai lafiya ba ya kauce wa daidai da fiye da digiri 2 ko 3, mai ciwon kunne ɗaya kuwa sai ya karkatar da shi wajen kunnen da ke ciwo. Akan kuma sa ɗakin da kake gani a cikin tabaran ya riƙa lilo, a auna tangaɗinka.

Har yanzu dai yawancin wannan aiki yana matakin bincike, kuma tabaran ya fi amfani wajen atisayen masu murmurewa. Gwajin layin nan ma ana yin sa da bokitin roba da aka zana wa layi a gindi.

Da na juya a kan gado sai ɗaki ya kama juyawa, kafin minti ɗaya ya lafa. Wata biyu ina shan Stugeron. Daga wata uwa a Maraɗi.

Hajiya, sannu. Alamunki sun yi kama da ɓallewar duwatsun nan zuwa cikin bututu, wanda shi ne kan gaba a cututtukan kunne masu sa hajijiya. Ba ki buƙatar tabarau. Tun 1952 likitoci biyu a Landan, Dix da Hallpike, suka fito da gwajinsa: a juya kanki, a kwantar da ke da sauri, a kalli rawar ƙwayar idonki. Likitan kunne zai mayar da duwatsun mazauninsu ta dabarar Epley, wato jujjuya kanki mataki-mataki, cikin 'yan mintuna. Abin da ke damuna shi ne maganin nan. Rage jin hajijiya da tashin zuciya kawai yake yi, daɗewa a kansa kuma yana hana ƙwaƙwalwa sabawa.

Mahaifina mai hawan jini jiri ya kama shi farat ɗaya, harshensa ya yi nauyi. Kunne ne? Daga wani matashi a Kumasi.

Ɗana, kada ku jira wayewar gari, ku kai shi asibiti yanzu. Jiri tare da nauyin harshe, ganin abu biyu-biyu, karkacewar baki ko kasa tafiya alama ce ta shanyewar ɓarin jiki, kuma awannin farko ne ake iya ceto ƙwaƙwalwa.