Tambaya da Amsa: Hawan Doki a Duwatsun Kolorado

Tambaya: Assalamu alaikum. Ina karatu a Denba, jihar Kolorado ta Amurka. Abokaina sun shirya mu je wata gonar kiwo ta iyali a duwatsun Roki, inda ake biya a hau doki a bi ja-gora na awa 2. Na tashi ina hawan Sallah a Katsina. Akwai abin da zai zame mini sabo? Daga wani ɗalibi.

Amsa: Wa alaikumus salam, Malam. Akwai, kuma babbansa linzami ne. Dokin hawan Sallah ingarma ne da ya saba da linzami mai kaifi da hannu mai ƙarfi, a ja shi ya yi zamiya a gaban sarki. Dawakan waɗannan gonaki yawancinsu dandaƙaƙƙu ne da goɗiyoyi, an hore su da sakakken linzami a hannu ɗaya. In kana son dama, ka kai hannunka dama, igiyar hagu ta taɓa wuyansa, shi ke nan ya juya. Tsayawa kuwa, ka zauna daram, ka ɗan ja, yana tsayawa ka saki.

A gangara ne wannan ya fi muhimmanci. Da kai da wuya doki ke daidaita kansa, kuma sai ya sunkuyar da kai yake ganin inda zai sa kofato. Mahayin da tsoro ya sa ya ɗame linzami ya ɗaga masa kai, shi ya jawo tuntuɓen da yake gudu. Ka sassauta, ka ɗan koma baya, dugaduganka ƙasa a likkafa, jikinka a miƙe kamar itatuwan da ke gefenka. A hawa ka ranƙwafo gaba don ƙafafunsa na baya su samu turawa. Dokin ya fi ka sanin hanyar, kullum binta yake.

Bayan minti 10 zuwa 15 da tashi, ka nemi ja-gora ya sake duba majayi. Doki kan kumbura ciki lokacin ɗaura sirdi, in ya saki jiki sai majayin ya yi sako-sako, sirdi ya zame baya a hawa ko ya karkace a gangara. Ka bar tsawon doki guda tsakaninka da na gabanka. Jan ƙyalle a wutsiya alama ce ta mai harbi. Sukuwa kuwa ka manta da ita: ɗaya ya ruga, sauran duk binsa za su yi, har da masu ɗauke da yara.

Tambaya: Ni da maigida da yaranmu, masu shekara 5 da 9, muna son zuwa a watan Yuli. Nauyin maigida kilo 115. Za a karɓe mu? Kuma ina iya hawa da hijabi? Daga wata uwargida.

Amsa: Hajiya, ku buga musu waya kafin ku biya. Yawancin gonakin sai yaro ya kai shekara 6 zuwa 8 suke barinsa ya fita daji, kuma ba a goyo a sirdi ɗaya. Ƙaramin sai dai a zagaya da shi a cikin shinge. Iyakar nauyi takan tsaya tsakanin kilo 100 da 113. Dalili shi ne ba a son doki ya ɗauki fiye da kashi 20 cikin 100 na nauyinsa, har da sirdi. Doki mai kilo 500 ke nan 100 zai ɗauka, alhali sirdinsu kaɗai ya kai kilo 15. Wasu suna ajiye manyan dawaki don irin maigida, ku tambaya.

Hijabi ba matsala, amma gajere, a cusa bakinsa cikin riga. Dogo mai kaɗawa a iska yana firgita doki, yana kuma sarƙewa a reshe ko a ƙahon da ke gaban sirdi. Ki sa wando mai kauri da riga iya gwiwa, da rufaffen takalmi mai dunduniya kamar santimita 2 don kada ƙafa ta zurma cikin likkafa. Yara su sa hular kwano.

Ku zaɓi fitar safe, domin a Yuli da Agusta hadari da tsawa sukan taso a duwatsun nan bayan azahar. Denba tana kan tudun mita 1,609, hanyoyin dawakan sukan wuce 2,500. In daga ƙasa-ƙasa kuka taso, ku kwana 1 ko 2 a Denba, ku yawaita shan ruwa, don rage ciwon kai da hakin da ƙarancin iskar can ke jawowa.